Anbar da Gyaɗa: Yadda Mahautan Teku Suka Koma Wuraren Kallo

Wanda ya saba shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san tsayin raƙumi idan ya miƙe, ya kuma san yadda mahayi yake ƙara masa tsawo. Da wannan ma'aunin ne Musulmi na farko suka auna dabba mafi girma da suka taɓa gani. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi labarin wata runduna ta mutum 300 ƙarƙashin Abu Ubaida, wadda guzurinta ya ƙare a gaɓar Bahar Maliya har ta koma cin ganyen itace. Sai teku ya jefo musu wata matacciyar dabba da ake kira anbar. Suka yi kwanaki masu yawa suna cin namanta suna shafa kitsenta. Abu Ubaida ya sa aka kafa ƙashin haƙarƙarinta, mahayi a kan raƙumi ya wuce ta ƙarƙashinsa bai taɓa shi ba.

Hausa ba ta raɗa wa wannan halitta suna nata ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda daga Gumel zuwa teku mafi kusa akwai tazarar kusan kilomita 900. Masu tafsiri sukan ce kifi kawai idan sun zo kan ƙissar Annabi Yunusa, 'yan jarida kuma su ari sunan Turanci. A nan zan bi Jabir in kira dukan jinsin anbar. Ba kifi ba ne a lissafin masana halittu: iska yake shaƙa, haihuwa yake yi, yana shayar da ɗansa nono. Mafi girmansa, shuɗin anbar, yana kaiwa mita 30 a tsawo da tan 150 a nauyi, wato kimanin raƙuma 300 a haɗe.

Yau kallon wannan dabba sana'a ce babba. Wani ƙiyasi da ƙungiyar IFAW ta fitar ya nuna cewa a 2008 mutum miliyan 13 ne suka je kallonsa a ƙasashe da yankuna 119, suka kashe dala biliyan 2.1. Kamfanonin yawon buɗe ido suna da jerin wuraren da suke yabawa, irin su Hermanus da Kaikoura da tsibiran Azores. Abin da tallarsu ba ta cika faɗa ba shi ne, galibin waɗannan gaɓoɓi mahauta ne a da. Akwai kuma wani zare da ya ɗaure wannan tarihi da gonakin Gagarawa da Sule Tankarkar, shi ne ya sa ni rubutun.

Zaren mai ne. Kafin kananzir, kitsen anbar ne yake kunna fitilun biranen Turai da Amurka. Da aka haƙo man fetur a Pennsylvania a 1859, ana iya zaton dabbar ta huta. Sai aka samu abubuwa biyu. A 1870 wani ɗan Norwe, Svend Foyn, ya yi rajistar igwa mai harba mashi da nakiya a bakinsa, wadda aka ɗora a kan jirgi mai inji, sai manyan anbar masu gudu da jirgin filafilai bai iya cim musu suka shigo hannu. A 1901 kuma wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya gano hanyar daskarar da mai. Man anbar mai ƙarni ya zama farin kitse marar wari, wanda za a yi sabulu da shi ko majarin, wato man shafa wa burodi da talakan Turai yake saye a madadin man shanu. Daga wannan lokaci mai masana'anta a Liverpool ko Rotterdam bai damu da inda mai ya fito ba. Man ja, man gyaɗa, man kwakwa, man anbar: wanda ya fi araha a makon nan shi zai zuba a tukunya.

Mu duba shekarun gefe da gefe. A 1903 Gumel ta shiga ƙarƙashin Turawan Ingila. A 1904 Carl Anton Larsen ya kafa mahautar Grytviken a tsibirin South Georgia, a ƙofar Antaktika. A 1912 aka buɗe layin dogo na Kano ga 'yan kasuwa, fatake suka karkata ga gyaɗa maimakon audugar da Turawa suka sa rai a kai. Kamfanin sabulu na Lever Brothers ya sayi kamfanin farautar anbar na Southern Whaling and Sealing a 1919, ya sayi Kamfanin Neja a 1920. A 1929 aka haɗa Kamfanin Neja da wani abokin gasarsa aka samu UAC, aka kuma ƙulla haɗewar Lever da kamfanin majarin na Holan, wadda ta haifi Unilever. A 1930 layin dogo ya isa Nguru, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Saboda haka buhun gyaɗar da manomin ƙasar Gumel ya ɗora wa jaki zuwa sikeli, domin ya samu kuɗin haraji, yana tafiya ne zuwa hannun babban mai sayen man anbar na duniya.

A daidai wannan lokaci kisa ya kai ƙololuwa. Tun 1925 aka fara ƙera jiragen da suke jawo gawar dabbar zuwa cikinsu su feɗe ta su narkar da kitsen a tsakiyar teku, inda babu dokar kowace ƙasa. A kakar 1930 zuwa 1931 kaɗai an kashe shuɗin anbar fiye da 29,000, aka tace ganga kusan miliyan 3.6 ta mai. Kasuwa ta cika ta batse, ga kuma karayar tattalin arzikin duniya. A kakar da ta biyo baya yawancin jiragen Norwe ba su ko tashi daga tasha ba, domin babu mai saye. Farashin gyaɗa a Kano shi ma ya faɗi warwas a waɗannan shekaru. Karayar duniya ita ce uwar dalili, amma mai rumbu cike da man anbar ba ya gaggawar taya gyaɗa. Manomin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba, abokin gasarsa yana iyo a cikin ƙanƙara a ƙarshen duniya, kuma dagaci bai rage masa haraji saboda haka ba.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa an kashe anbar kusan miliyan 2.9 a ƙarni na 20. Hukumar kula da farautarsa, wadda aka yi yarjejeniyar kafa ta a 1946, ta daɗe tana raba ganima ne tsakanin ƙasashe maharba. Jiragen Tarayyar Sobiyet sun kashe kimanin 180,000 a ɓoye, asirin bai tonu ba sai 1993. Da hukumar ta zartar da dakatar da farautar kasuwanci a 1982, dokar ta fara aiki a kakar 1985 zuwa 1986, shuɗin anbar na Antaktika ya riga ya sauko daga fiye da 200,000 zuwa 'yan ɗaruruwa. Ana yawan ba da labarin kamar tausayi ne ya ceci dabbar, ana ambaton faifan kukan anbar mai doro da Roger Payne ya fitar a 1970 da masu fafutuka a cikin ƙananan kwalekwale. Sun yi aiki, ba a raina musu ba. Sai dai a ganina lissafi ya riga tausayi isowa: dabbar ta yi ƙaranci, nemanta ya yi tsada, man tsirrai kamar na waken soya da man ja ya yi araha. Abin lura ne cewa mahautar Durban ta rufe a 1975, shekarar da cutar kuturtar gyaɗa ta ƙarasa abin da farin 1973 ya bari a arewacin Najeriya. Dalar gyaɗa da mahautar anbar kusan tare suka fita daga kasuwar da ta haɗa su.

Kallo kuwa ya faro da ƙanƙanta. A 1950 aka ware wani tudu a San Diego, a Kalifoniya, don jama'a su tsaya su ga anbar mai ruwan toka yana wucewa. A 1955 wani masunci ya fara ɗaukar mutane a jirginsa kan dala ɗaya. Dabbobin da suke kallo suna kan hanyarsu ne zuwa tafkunan gishiri na Baja California a Meziko, inda suke haihuwa daga Janairu zuwa Maris. A 1857 wani maharbi, Charles Scammon, ya shiga ɗaya daga cikin tafkunan ya tarar da iyaye da 'ya'yansu a ruwa marar zurfi, cikin 'yan shekaru shi da waɗanda suka bi sawunsa suka kusa share su. Meziko ta mayar da wannan tafki mafaka a 1972. Yanzu a San Ignacio, kusa da shi, uwa takan turo ɗanta har gefen kwalekwale mutane su shafa shi, alhali maharban da sun yi wa wannan jinsi laƙabi da shaiɗan saboda yadda yake farfasa musu jirage.

Labarin Azores ya fi burge ni, domin a can ba a jefar da ilimin maharba ba. Tsibiran na Fotugal ne, a tsakiyar Atlantika, kuma mutanensu sun ci gaba da farautar anbar mai ƙaton kai da mashin hannu a buɗaɗɗen kwalekwale har 1987. Suna da ƙananan ɗakuna a kan duwatsun gaɓa, inda mai tsaro yake wuni da tabarau mai hangen nesa. Idan ya ga tururin numfashin dabbar sai ya harba roka, mutanen gari su yar da fartanya su ruga bakin ruwa. Bayan shekara biyu kacal da kisan ƙarshe aka fara kai masu kallo daga garin Lajes a tsibirin Pico. Su wa za su nuna inda dabbar take? Tsofaffin masu tsaron nan, a ɗakunansu na da, sai dai rediyo ta maye gurbin roka. Wannan jinsi, af, shi ne yake samar da anbar na turare a cikin hanjinsa, wanda masu haɗa turaren Larabawa suka sani tun fil azal.

A Kaikoura ta Niyu Zilan, inda wani rami mai zurfi a ƙarƙashin teku yake matsowa dab da gaɓa har ake ganin dabbar duk shekara, wasu iyalan ƙabilar Maori ne suka jinginar da gidajensu a 1987 suka sayi jirgi ɗaya, lokacin da rashin aiki ya addabi garin. Kamfanin har yanzu na al'ummarsu ne. A Hermanus ta Afirka ta Kudu ba a ma bukatar jirgi. Daga Yuni zuwa Nuwamba ana tsayawa a kan dutse a ga jinsin da maharba suka fi so, saboda ba ya gudu kuma gawarsa ba ta nutsewa. Tun 1992 garin yake da sankira na musamman, mai yawo da ƙahon busasshiyar ciyawar teku yana busa wa baƙi labarin inda dabbar ta ɓullo.

Kada a ɗauka an gama. Norwe da Aisland ba su taɓa sallamawa gaba ɗaya ba, Japan kuma ta fice daga hukumar a 2019 ta koma farauta a ruwanta. Shi kansa kallo yana da nasa ɓarnar: a Mirissa ta Siri Lanka an daɗe ana kokawa da jirage masu yawa da suke rufar wa dabba ɗaya, ga manyan jiragen dakon kaya suna bi ta kan wurin kiwonta. Farfaɗowa ma ba ɗaya ba ce. Anbar mai doro na gaɓar Barazil ya tashi daga kimanin 450 a shekarun 1950 zuwa kusan 25,000, shuɗin Antaktika kuwa har yau yana cikin 'yan dubbai.

Ga mutumin Gumel, wuri mafi kusa ba ya cikin jerin da kamfanoni suke tallatawa. Anbar mai doro yana baro Antaktika kowace shekara ya zo haihuwa a ruwan ɗumi na Mashigin Gini. A Cap Lopez ta Gabon an yi ta harbinsa lokaci bayan lokaci tun 1912 har 1959. Yanzu daga Port-Gentil ake fita kallonsa, kuma a 2017 ƙasar ta kafa jerin gandayen teku da suka haɗa da wuraren haihuwarsa. Yana kaiwa har gaɓar Togo da Binin, ana kuma shirya fita kallonsa daga Kwatano, birnin da 'yan kasuwarmu suka sani da motoci da shinkafa. Wanda ya fi son ƙashi a kan tudu, akwai Wadi al-Hitan a hamadar Fayum ta Masar, wanda UNESCO ta sa a jerinta a 2005, inda kwarangwal ɗin tsofaffin jinsuna suke kwance a cikin yashi. A kudancin Najeriya ma an tono muƙamuƙin irinsu, wani masanin Ingila ya raɗa masa suna Pappocetus lugardi wajen 1920, don karrama Gwamna Lugga.

Lokacin zuwan masu rai a gaɓar Binin yana farawa ne da tsakiyar damina, wajen Agusta. Suna juyawa kudu da 'ya'yansu a ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ake cirar gyaɗa a Sule Tankarkar.