Kwanson Tagulla: Daga Fagen Abu Klea Zuwa Teburin Gasar Harbi

A ranar 17 ga Janairun 1885, a Abu Klea da ke cikin hamadar Sudan, dakarun Mahadi suka afka wa sahun sojojin Ingila har suka keta shi. Cikin koke-koken da suka biyo bayan yaƙin akwai na bindigar Martini-Henry, wadda ta riƙa cijewa a daidai lokacin da rai ke hannunta. An ɗora babban ɓangare na laifin a kan kwanson harsashi. A wancan zamani siririn fallen tagulla ake naɗewa a liƙa masa gindin ƙarfe, idan bindiga ta yi zafi ga kuma rairayi, sai gindin ya ɓalle, gangar jikin kwanson ta maƙale a ciki. Ba a daɗe ba sojan Ingila ya koma ga kwanso mai jiki ɗaya, wanda ake matso shi daga dunƙulen tagulla guda.

Harsashi haɗin abu huɗu ne: ƙwayar da ke fita, albarushi, ƙyastun da ke tayar da wuta a gindi, da kwanson da ke riƙe su duka. Aikin farko na kwanso shi ne toshe iskar gas. Idan albarushi ya kama, kwanson yakan kumbura ya manne da bangon ramin bindiga don kada wuta ta dawo wa mai harbi a fuska, daga nan ya ɗan tsuke domin a iya zaro shi. Tagullar da ta fi dacewa da wannan aiki ita ce haɗin kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya, domin tana miƙewa ba ta tsage ba, kuma tana komawa kusa da siffarta.

A 1866 mutum biyu suka yi rajistar ƙyastu iri biyu: Kanar Edward Boxer na ma'aikatar makamai ta Woolwich a Ingila, da Hiram Berdan a Amurka. Na Boxer yana da rami ɗaya a tsakiyar gindin kwanso, don haka da ɗan tsinken ƙarfe ake ture ƙonanne a sa sabo. Na Berdan kuwa ramukansa a gefe suke, cire shi sai an sha wuya. Abin mamaki, Turai ta rungumi na Ba'amurken, Amurka kuma ta ɗauki na Baturen Ingila, wannan ne ya sa sake cika harsashi da hannu ya yi jijiya a Amurka. Mafarautan ɓaunar Amurka na shekarun 1870 a sansani suke sake cika kwansunansu, a 1884 kuma John Barlow ya kafa kamfanin Ideal mai ƙera kayan wannan aiki.

Wani darasin daga Indiya ya fito. Sojojin Ingila sun lura cewa harsasan da aka ajiye lokacin damina sukan tsage a wuya ba tare da an harba su ba. Sai a 1921 masu bincike suka bayyana dalili: a bargar dawaki ake ajiye su, sinadarin amoniya da ke tashi daga fitsarin dawaki kuma yana cin tagullar da matsi ya bari da tauri. Maganin shi ne a gasa wuyan kwanson ya yi laushi. Masu sake cika harsashi sun gaji wannan ilmi, domin kowane harbi da kowace matsa suna ƙara wa wuyan tauri, riƙon da yake yi wa ƙwayar harsashi kuma ya riƙa sauyawa. Gindin kwanso dai ba a gasa shi, tun da taurinsa ne ke tare wutar.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gasar harbi a kan teburi ta bunƙasa, inda ake ɗora bindiga a kan buhunan yashi domin a kawar da rawar hannun ɗan adam. Taron da Harvey Donaldson da abokansa suka yi a Johnstown ta jihar New York a 1947 yana cikin tushen gasar. Ma'auninta shi ne kusancin ramukan harbi biyar da juna. Da aka gyara bututu da kunama da madubin saiti, sai ragowar kuskuren ya bayyana a kwanso. Idan ɓarin wuyansa ɗaya ya fi ɗaya kauri, ƙwayar takan shiga bututu a karkace, saboda haka aka fara fere wuyan har kaurinsa ya zama ɗaya. Idan bangon wani kwanso ya fi na wani kauri, cikinsa ya fi ƙunci, albarushi mai nauyi ɗaya zai ba da matsi daban, gudun harsashi ya bambanta, shi ya sa ake auna kwansuna a ware su. Ana kuma datse tsawonsu, a kankare ƙaiƙayin ƙarfen da ke bakin ramin wuta, a harba kowane kwanso sau ɗaya domin ya ɗauki siffar ramin bindigarsa. A 1973 Mac McMillan ya harba biyar a nisan yadi 100 da harsashin .222 Remington, tazarar ramukan ta tsaya a inci 0.009, wato ƙasa da rubu'in milimita.

A tsakiyar shekarun 1970, ana tsaka da yaƙin cacar baka, likita Louis Palmisano da maƙerin bindiga Ferris Pindell suka ɗauko kwanson Tarayyar Sobiyat mai suna .220 Russian, wanda asalinsa daga harsashin Kalashnikov yake. Gajere ne mai kiba, yana da ƙaramin ƙyastu da ƙaramin ramin wuta. Suka gyara kafaɗarsa, suka fitar da .22 PPC da 6mm PPC, na biyun kuma ya ture .222 Remington ya mamaye gasar yadi 100 da 200. Tagullar ta riƙa zuwa daga Finlan, da fari daga kamfanin Sako, daga baya daga Lapua, wanda kwansunansa suka yi suna wajen daidaito da jure sake cikawa.

Wannan wahala tana da iyakar amfani. A bindigar farauta ta kasuwa, mai ramin da aka yi shi da sarari domin ya karɓi kowane harsashi, fere wuya ba ya sauya abin a zo a gani, iska da hannun mai harbi sun fi shi tasiri nesa ba kusa ba. Abin da ya fi biya a can shi ne kwansuna daga kamfani ɗaya da rukunin ƙira ɗaya, tare da duba kowanne don gano tsaga ko siracewar bango kusa da gindi, domin kwanson da ya rabe yana iya watso wuta a fuska.

Bajintar McMillan ta yi shekara 40 ba a karya ta ba. A 2013 Mike Stinnett ya harba biyar a yadi 100 da tazarar inci 0.0077, da harsashi mai suna .30 Stewart. Kwansonsa daga na 6.5 Grendel aka siffanta shi, shi kuma Grendel daga zuriyar PPC ya fito.