Kyamarar da ba ta da ƙeya

Hutun da ya wuce, a Urafane, na ba wani ƙanena wayata ya kalli bidiyon digiri 360. Yana juya wayar, hoton na juyawa da shi: sama, ƙasa, baya. Sai ya ce, "To, mai ɗaukar ina ya tsaya?" Wallahi tambayar ta fi bidiyon.

Aikin ba tsafi ba ne. Ido biyu ne a jikin kyamara, ƙeya da ƙeya, kowane yana ganin fiye da rabin duniyar da ke kewaye da shi. Kwamfuta ta ɗinke hotunan biyu kamar yadda ake ɗinke ƙwarya, wayar kuma ta ji inda ka karkata ta nuna maka can. YouTube da Facebook sun fara karɓar irinsa a 2015, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da shi ta nuna sansanin ƴan gudun hijira na Za'atari a Jodan.

Amma kwaɗayin ganin ko'ina tsoho ne. A 1787 Robert Barker ya yi rajistar zanensa mai zagaye mai kallo. Kalmar "panorama" daga Girkanci take: gani duka. (Mu har yau ba mu raɗa masa suna ba. Ni dai "kallon zagaye" nake cewa.) A baje kolin Faris na 1900, Raoul Grimoin-Sanson ya haɗa injinan majigi goma don mutane su ji kamar suna cikin balan-balan. Tsoron gobara ya kashe abin.

Nan ne nake son mu tsaya. Shekara ɗaya kafin wannan, a Yulin 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta iso ƙasar Tasawa tana ƙone garuruwa. A Dankori Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, kwana kaɗan sojojinsu suka kashe su biyun, kaburburansu na Maijirgi. Faris na neman ganin duka, amma wannan ɓangaren babu majigin da ya haska shi. Abin da ya rage mana rahoton Faransawa ne da bakin tsofaffi.

Ana cewa kyamarar 360 ba ta ɓoye komai. Ban yarda ba. Wani ne ke zaɓen inda za a kafa ta, ya danna, ya ruga bayan bango. Can mai ɗaukar yake, haka na faɗa wa ƙanena.