BABI NA UKU: RIGIMAR DUKIYAR AURE A KOTUNAN ƘASAR KAZAURE DAGA 1903 ZUWA 2000

3.1 Abin da Shari'a ta Tanada da Abin da Al'ada ta Ƙara

A ƙasar Kazaure, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da Yankwashi inda garin Achilafiya yake, sha'anin aure da saki yana tafiya ne bisa mazhabar Malikiyya tun kafuwar masarautar a hannun Ɗantunku a farkon ƙarni na 19. Littattafan da alƙalai suka fi dogara da su kuwa su ne Risala da Muhtasar Halil da Tuhfa. Abin da waɗannan littattafai suka tanada game da dukiya a fili yake. Idan miji ne ya yi saki bayan ya sadu da matarsa, to sadaki ya zama nata gaba ɗaya, kuma wajibi ne ya ciyar da ita ya ba ta wurin kwana har ta gama idda, matuƙar sakin na kome ne. Idan kafin saduwa ne, rabin sadaki ke nan nata. Idan kuwa ita ce ta nemi rabuwa ba tare da wani laifi na miji ba, sai a yi hul'i, wato ta fanshi kanta da abin da suka daidaita a kai.

Matsalar ita ce Bahaushe ba sadaki kaɗai yake biya ba. Akwai kuɗin na-gani-ina-so, da gaisuwar uwa da uba, da toshin salla, da kayan sa lalle, sannan ga uban gayya, wato lefe. Sau da yawa sadakin shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu. Saboda haka idan mace ta yi yaji, biko ya ƙi ci, aka kai gaban alƙali, tambayar da ake fafatawa a kanta ita ce: me za a mayar? Miji yakan ƙirga komai, har goron da aka raba. Dangin mace su kuma sukan ce ai an ci gara, an kuma mori kayan ɗaki, kuma babu mai ƙirga waɗannan. Tun da malaman Malikiyya sun halatta a yi hul'i da abin da ya fi sadaki, sai wannan ya zama ƙofar da al'ada ta shigo da lissafinta cikin kotu.

3.2 Zamanin Turawa

Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sun sanya Kazaure cikin Lardin Kano, sun kuma bar wa alƙalai shari'ar aure da gado. Abin da suka kawo shi ne rajista da kuɗin sammaci da rarraba kotuna daraja-daraja. Sauyin da ya fi taɓa dukiyar aure bai fito daga kotu ba, daga kasuwa ya fito. Isowar jirgin ƙasa Kano da bunƙasar cinikin gyaɗa daga 1912 sun sa sulalla sun maye gurbin wuri, manomi kuma ya sami kuɗi a hannu da kaka. Abin da a da ake bayarwa na hatsi ko saƙi ya koma kuɗi da atamfa, waɗanda ake iya rubuta farashinsu a takarda.

A nan ne ya kamata a lura da wanda yake biyan fansar a zahiri. Mace a kulle ba ta da jarin da ya wuce na ƙuli-ƙuli ko kaɗi ko 'yan awakinta, iyayenta kuma sun riga sun kashe abin da aka kawo wajen yi mata kayan ɗaki. Don haka galibi sabon manemi ne yake ɗaukar nauyin biyan tsohon miji, ko da yake shari'a ta hana neman matar wani, ta kuma hana bayyana neman mai idda. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna cewa a ƙasar Zazzau ma mace kan fita daga aure ta shiga wani ba tare da an ɗauki abin a matsayin abin kunya ba, domin ita kanta Baba aure huɗu ta yi. Illar wannan tsari ita ce matar da ba ta da manemi, ko ta manyanta, takan zauna a tsakiya, ba ita ga aure ba, ba ita ga zawarci ba.

3.3 Daga Kotun Yanki zuwa Kotun Shari'a

An kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa a 1960. Dokar soja ta 1967 kuma ta ƙwace kotuna daga hannun En'e ta mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha. Kazaure ta kasance cikin Jihar Kano har zuwa 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jigawa, sannan a 2000 aka mayar da kotunan yanki kotunan Shari'a. Sunaye sun sauya, amma littattafan da ake hukunci da su ba su sauya ba.

Faɗuwar darajar naira ce ta sake dagula lissafi. A 1985 naira ɗaya ta kusa daidai da dalar Amurka ɗaya, amma bayan shirin tada komaɗar tattalin arziki na 1986, sai ga dala ta kai kusan naira 22 a farashin gwamnati a tsakiyar shekarun 1990. A ɗauka, a misali, an biya sadakin naira 200 a 1982, aka zo hul'i a 1995. Idan an ce ta mayar da naira 200 ɗin, miji zai ce ko turmin atamfa ɗaya ba za ta saya masa ba, balle ya sake aure. Idan kuma an ce ta biya lefe da farashin ranar, an ɗora mata bashin kayan da suka yage a gidansa tana yi masa hidima shekara 13. Wannan buƙata ta biyu ba ta da ƙarfi, domin kyauta ce aka ba ta, ta kuma ƙare cikin zaman auren.

Akwai kuma haƙƙin da ya fi kowanne salwanta saboda rashin sani. A Malikiyya, matar da ta tabbatar da cuta, kamar duka ko rashin ciyarwa, alƙali yana iya raba aurenta ba tare da ta biya ko kwabo ba, har ma idan ta riga ta biya fansa sannan cutar ta tabbata, ana mayar mata da abinta. Haka kuma renon 'ya'ya haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, uba kuma shi ke ciyarwa, sai fa idan uwar ta yi wani aure, renon ya koma ga kakarsu ta wajen uwa. Amma a al'ada da zarar an yaye yaro uba yake aikowa a ɗauke shi, ita kuma mai idda a gidan iyayenta take yin ta, su ne ke ciyar da ita.