Majigi

Kalmar majigi daga Ingilishi ta fito, daga "magic lantern", fitilar da ke haska hoto a bango. Bahaushe ya riƙe rabin farko, ya yar da sauran. A zamanin Turawa, motar gwamnati kan shigo gari da almuru, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna fim kan tsafta ko noma kyauta, tafinta na bayani da lasifika; wannan ake kira majigi. Silima kuwa, irin Rex ta Kano da aka buɗe a 1937, sai da tikiti, kuma malamai na ƙyamarta. Majigi bai sha wannan zargi ba. Yau sunan ya koma kan na'urar haska rubutu a aji ko wurin taro.