Daga tiya zuwa kilo: halaye uku na ma'auni

Tun asali, awon hatsi a kasuwannin ƙasar Hausa na cikawa ne, ba na nauyi ba. Tiya takan ɗauki kimanin kilo 2 da rabi na hatsi, amma tiyar wata kasuwa ba lalle ba ne ta yi daidai da ta wata. Duk da haka mai saye yana ganin tozon awo da idonsa, yana iya gardama.

Cinikin gyaɗa na zamanin mulkin Faransa ya yaɗa sikeli a yankunan Maraɗi, Tasawa da Magarya. Nan ne ido ya daina amfani, domin manomin da bai san lambobi ba sai abin da mai awo ya faɗa. A 1962 aka kafa SONARA da UNCC. Daga bisani ƙungiyoyin manoma suka soma zaɓen masu awo daga cikinsu, yaƙi da jahilci kuwa ya zama hanyar tsare haƙƙi.

Karanta lamba kaɗai bai wadatar ba, domin ma'auni yana da halaye uku. Na farko daidaito: ya nuna nauyin gaskiya. Na biyu tsayuwa: in an maimaita awon buhu ɗaya, ya ba da amsa ɗaya. Na uku kaifi: ya motsa ko da ɗan ƙari kaɗan. Sikeli yana iya tsayuwa ba tare da daidaito ba, ya riƙa rage kilo ɗaya a kowane buhu. Maimaita awo ba ya tona wannan aibi, sai an gwada sikelin da dutsen awo tabbatacce.

Shi kansa dutsen da wani ake gwada shi. Faransa ta kafa tsarin mita a 1795, ƙasashe 17 suka sa hannu kan yarjejeniyarsa a 1875, sannan a 1889 aka amince da wani curin ƙarfe da ke ajiye kusa da Paris a matsayin uban kilo na duniya. Cikin shekara ɗari, bambancin kimanin mikirogiram 50 ya bayyana tsakaninsa da kwafe-kwafensa. A 2019 aka sauke shi, aka ɗora ma'anar kilo bisa wani adadi na halitta wanda ba ya sākewa.

Saboda haka ya kamata littattafan lissafi na manya su bai wa kowane hali sunansa. Kalmar "daidai" ita kaɗai tana rufe aibin da manomi ya fi bukatar ganewa.