Jarida Da Tarihin Masarautar Rano

Hausawa kan ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Sai dai mu da muke bibiyar tarihi mun lura cewa maganar baka, ko da ba ta koma ba, takan sauya kama a hanya. Kwanakin baya mun aiki ɗalibanmu na Rano da Kibiya su tambayo dattawa shekarar da aka fara ɗaga darajar Sarkin Rano a zamanin siyasa. Wani ya ce zamanin Audu Baƙo ne, wani ya ce na soja ne, samarin kuwa suka ce a waya sun gani, 2019 ce. Babu wanda ya yi nufin ƙarya a cikinsu, tunani ne ya cakuɗe.

Ga yadda abin yake. A 1981 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta ɗaga darajar sarakunan Rano da Gaya da Ƙaraye da Dutse da Auyo. A 1983 Sabo Bakin Zuwo ya soke matakin. A 2019 gwamnatin Ganduje ta kafa masarautun Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi, a watan Mayu na 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su, sannan a watan Yuli na wannan shekarar aka maido da Rano a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta. Wannan hawa da sauka, cikin shekara arba'in da 'yan kai, wane kai ne zai riƙe shi daki-daki ba tare da takarda ba?

Nan ne jarida ta yi wa sauran kafofi zarra. Rediyo yakan riga ta kawo labari, amma da an faɗa iska ta kwashe. Saƙon waya kuwa ba a san mafarinsa ba, kuma mai shi yana iya goge shi ko ya gyara cikin dare. Ita jarida tana ɗauke da kwanan wata da sunan edita da wurin bugu, ba ta kuma iya janye abin da ta faɗa. Dama don maganin jita-jita aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, lokacin da ake ta raɗe-raɗin za a miƙa ƙasar nan ga Jamusawa. Daga baya, a zamanin Yaƙi da Jahilci, lardin Kano ya samu tasa jaridar, wato Sodangi.

Kada a ɗauka muna cewa duk abin da jarida ta buga gaskiya ne. Kowace jarida da ubangidanta. Triumph, wadda aka kafa a 1980, ta gwamnatin Rimi ce, har ma ofishinta na cikin wuraren da aka kai wa hari a tarzomar 10 ga Yuli, 1981. New Nigerian ta Kaduna kuwa a lokacin tana hannun gwamnatin tarayya ta NPN. Wanda ya karanta ɗaya kawai a kan rikicin masarautu ya ji ɓangare guda. Amma in ya ajiye su gefe da gefe, ya haɗa da abin da dattijo ya gani da idonsa a ƙofar fada, to ya kama hanyar gaskiya. Jarida ta ba shi rana da suna, dattijo ya ba shi abin da jarida ta ƙi faɗa.

Abin takaicin shi ne yadda muke wulaƙanta wannan taska. Tsofaffin jaridunmu sun ƙare a wajen masu tsire da ƙosai, sauran kuma gara ta cinye. Duk mai son rubuta labari ko tarihin ƙasar Autan Bawo, ya daure ya leƙa Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, kafin ya ɗora alƙalami. Wanda kuma yake da tsohuwar jarida a cikin adaka, ya kakkaɓe ta ya ɗinke, ya kai ɗakin karatun makarantar garinsu, domin jikokinmu ma za su yi irin tambayar da ɗalibanmu suka yi. Allah Ya sa mu bar musu amsa.