Lokacin da takardar gwajin korona ta fi fasfo daraja

Jama'a, kun tuna? Ranar 19 ga Maris 2020 aka samu mutum na farko mai korona a Yamai. Aka rufe iyakoki, jirage suka tsaya cik. Sai 1 ga Agusta aka buɗe hanyar sama, da sharaɗi: ba gwajin PCR, ba tafiya.

Da can, in bakansi ta zo za mu Abijan ko Dakar, katin rigakafin shawara kaɗai muka sani. Sai ga sabon abu: a zura maka tsinken auduga cikin hanci, ka biya jika 30, kuma ƙasashe da yawa ba su karɓar takardar da ta wuce kwana 3. Maigida da uwargida da manyan yara, ku yi lissafi da kanku! Ga fargaba: in aka ga cutar, tafiya ta fasa.

A 2021 shugabannin UEMOA suka maida kuɗin jika 25, masu bin mota jika 5, takardar ta kai kwana 5. Mu na Maraɗi, hanyar mota ce damuwarmu, ita ko sai watan Yuni aka buɗe ta. Kafin nan, ta daji da yawanmu muka riƙa zuwa Katsina gaida dangi, bisa kabu-kabu.